Tumakin Ketill Ba Sa Saukowa da Kansu

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi nan, ku bar ni in sha kofina da zafinsa. Ke kuma da kika rubuto cewa Hrefna makira ce, ban ce ƙarya kika yi ba, amma karanta wannan tukuna.

*

Ruwan tukunyar ya kai wa Hrefna har wuya, amma ba zafinsa ne ya sa take gumi ba.

Kamar kowace Talata, ita da ƙawayenta uku sun hallara da sassafe a wurin ninƙaya na unguwarsu a Reykjavík. Babban kwarmin iyon ko kallo bai ishe su ba, kai tsaye suka zube cikin ƙaramin kwarmin ruwan zafi da ke waje, wanda suke kira tukunya. Ƙungiyar ɗinki suke kiran kansu tun suna 'yan mata, ga shi duk sun haura sittin, har yau ba wadda ta taɓa zuwa da allura. Zancen dai ɗaya ne tun shigowar bazara: tafiyar kaka, zagayen tsibirin nan, wato ƙasarmu, a babbar motar Hrefna.

Saura mako biyu, har yanzu ba a tsayar da hanya ba.

"Ta kudu za mu fara," in ji Salvör, tana murza gwiwarta ta hagu, wadda aka sa wa ƙarfe bara. "In ga baƙin yashin Vík, in ga ƙanƙara na yawo a tafki, in kwana a gado mai laushi. Na gama magana."

"Ta arewa," Hrefna ta ce.

"Hanyar zobe ce fa, ƙawata. Duk ta inda kika bi, gida za ki dawo."

"To mu bi ta arewa mana, tunda duk ɗaya ne."

"In duk ɗaya ne me ya hana kudu?"

Oddný, wadda ko ƙuda ba ta iya kora da ƙarfi, ta ɗago hannu daga cikin ruwa.

"Ni fa duk inda aka bi. In dai za a tsaya in ga dutsen nan mai aman wuta, in ɗauko wa jikoki hoto."

"Sai ki buga masa waya ki ce kina tafe, ya fara hura wuta," in ji Salvör.

Unnur ba ta yi dariya ba. Ita ce mai kama musu masauki duk shekara, mai kiran ko'ina ta tabbatar da komai sau biyu. Ta dubi Hrefna ta cikin tururi.

"Sake faɗa mana tsarin naki."

Hrefna ta gyara zama.

"Mu tashi Laraba. Alhamis ta same mu a kwarinmu, mu yi kwana uku a gidan Ketill. Daga nan sai Akureyri, sai Mývatn, sai duk inda kuke so."

"Kwana uku!" Salvör ta daki ruwa. "A gidan yayanki? Gidan da ko labulen wanka babu? Rabin tafiyar ke nan fa. Me za mu yi kwana uku a kwarin da babu ko shagon burodi?"

"Za ku huta. Akwai iska mai kyau."

"Iska ce ta yi mana ƙaranci a garin nan?"

Kai, Hrefna ta ji kamar ta nutse ta zauna a ƙasan tukunyar har su gaji su tafi.

Abin da ba ta faɗa ba shi ne, Alhamis ɗin nan ake hawa tsauni. Tumakin kwarin duk suna can sama tun bazara suna kiwon kansu, kuma kafin dusar ƙanƙara ta sauka dole a hau a koro su. Kowane gida mai tumaki zai ba da mutanensa, gwargwadon garkensa. Haka ake yi tun kaka da kakanni. Ketill kuwa an tsaga masa ƙirji an gyara zuciya, ba mata, ba ɗa. Shekara biyu ke nan maƙwabta na yi masa hawan. Ba wanda ya yi masa gori, amma shi ya ji gorin a jikinsa.

"Ba zan ci gaba da kiwo da ƙafafun mutane ba," haka ya ce mata a waya, da muryar nan tasa mai kama da ana jan kujera. "In bana ban ba da nawa mutanen ba, in sun sauko sai mayanka."

Garken mahaifiyarsu ke nan. Tsagar da ke kunnen kowace tunkiya a ciki, shaidar tsohuwar ce.

Shi ne bakin Hrefna ya riga hankalinta.

"Ina da mutum huɗu. 'Yan ƙungiyar hawan dutse ne."

Tun daga ranar take cewa gobe za ta gaya musu. Goben ce har yau ba ta zo ba. Duk sanda zuciyarta ta tsinke sai ta lallashi kanta da maganar nan tamu ta gado, wadda muke faɗa ko rufin gida ya tashi sama: zai gyaru.

"A kaɗa ƙuri'a," in ji Salvör. "Masu son kudu."

Ta ɗaga hannu. Oddný ta ɗaga nata rabi, ta dubi Hrefna, ta mayar da shi cikin ruwa.

"Motar tawa ce," Hrefna ta ce.

"Au, abin ya kai nan?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kika faɗa. Shekara arba'in muna zuba miki mai, yau muka san motar taki ce."

"Salvör, don Allah. Sau ɗaya dai na roƙe ku abu. Alhamis a kwarin. Sauran ku yi yadda kuka ga dama, ko a bakin dutsen Oddný kuka ce mu kwana na yarda."

"Me ke cikin Alhamis ɗin nan ne wai?"

A can kusurwar tukunyar wani ya yi gyaran murya.

Bergur ne, tsohon matuƙin jirgin kamun kifi, wanda kullum yake riga kowa shiga ruwan ya lumshe ido kamar mai barci. Ba barcin da yake yi. Duk unguwar an san kunnensa ya fi na zomo.

"Hrefna," ya ce, ido a rufe. "Ketill ɗin nan, ba shi ne na gonar Kaldbakki ba?"



"Shi ne."

"Alhamis ta sama?"

"Bergur, hirar mata muke yi."

Ya buɗe ido ɗaya. Ya dubi Salvör. Ya dubi Oddný. Ya dubi Unnur. Sai ya buɗe ɗayan idon, ya gyara zama.

"Kar dai ku ce min ku ne."

"Mu ne wa?" in ji Salvör.

"'Yan ƙungiyar hawan dutsen! Ɗan ƙanwata ne sarkin tsaunin kwarin bana, shi ke raba wa kowa inda zai bi. Shekaranjiya yake ce min Ketill ya samo ƙwararru huɗu daga Reykjavík." Ya fara dariya, cikinsa na kaɗa ruwa. "Har ya ba ku kwazazzabon sama, inda doki ba ya shiga. Wai tunda ƙwararru ne."

Ƙasar nan tamu! Ka yi atishawa a Reykjavík, ɗan uwan wani ya ce maka sannu daga Akureyri.



Salvör ta juyo a hankali.

"Hrefna."

"Bari in yi bayani."

"Korar tumaki?"

"Ba wahala ba ce kamar yadda..."

"Korar tumaki kika sa mu? Ni? Da gwiwar ƙarfe?"

"Likita ma ya ce ki riƙa tafiya."

"Zuwa kanti ya ce! Bai ce in bi tunkiya cikin kwazazzabo ba!" Sai ta dafe kai. "Tsaya. Tsaya tukuna. Shi ya sa duk Asabar kike jan mu hawan dutsen Esja? Wai don lafiyar ƙashi?"

Hrefna ta ƙura wa ruwan ido.

"Ina nishi kamar tsohuwar saniya, ke kina gaba kina cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Ashe horo ake ba mu!"

"Safar ulun nan fa?" Oddný ta tambaya, murya ƙasa ƙasa. "Wadda kika ba kowa. Kika ce don kina ƙaunarmu."

"Ina ƙaunarku mana!"

"Har ta sa mu ihu a kan dutse," in ji Salvör, tana nuna ta da yatsa tana duban Bergur, kamar shi ne alƙali. "Wai mu ce hoo! hoo! da ƙarfi, yana buɗe ƙirji. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukarmu hoto!"

Bergur ya kusa shaƙewa.

"Ai kuwa haka ake kora su," ya ce.

"Kai kuma rufe mana baki!" Hrefna ta daka masa tsawa. "Wa ya sa da kai?"

Ya ɗaga hannu biyu, ya koma ya lumshe ido, kafaɗunsa na rawa.

Hrefna ta juya ga ƙawayenta. Kunya ta tafi, haushi ya maye gurbinta, haushin kanta da na kowa da kowa.

"To na yi ƙarya. Na yi. Da na zo na ce muku ku zo mu koro wa Ketill tumaki, za ku yarda?"

"A'a!" in ji Salvör.

"To kin gani."

"Me na gani? Don kin san zan ƙi shi ne za ki ɗaure ni a mota ki kai ni kamar ragon yanka? Yaushe kika yi niyyar gaya mana? Sai an miƙo min sanda da kare?"

"Da daren Laraba. Bayan an ci miyar nama."

"Ji min mata! Har ta tsara a cika mana ciki tukuna."

"Na nemi mutane, Salvör! Kin ɗauka ku na fara tunawa? Na kira 'ya'yana, ɗaya na Norway, ɗaya na teku. Na kira 'ya'yan dangi, kowa da uzurinsa. Samarin kwarin duk an riga an kama su. Wa ya rage min? Ku ne kuka rage min."

"Sai ki faɗa da bakinki."

"Ga shi na faɗa."

"Bergur ne ya faɗa."

Wannan ta shige ta. Hrefna ta kau da kai, yayyafi na dukan fuskarta, ta gode wa Allah da ba mai iya bambance shi da hawaye.

"In bai ba da mutane ba yanka su zai yi," ta ce. "Duka garken. Kun san Ketill, ba ya faɗar magana sau biyu. Kuma ranar da rumfar tumakin nan ta zama wayam, me zai tashe shi daga gado da hunturu? Ku gaya min. Mutumin da bai san hira da kowa ba sai da tunkiya. Ba tumakin kaɗai nake jin tsoron rasawa ba."



Salvör ta ci gaba da murza gwiwa, amma ta daina huci.

"Da kin faɗi haka tun farko," ta ce can, "da na zage ki, sannan mu zauna mu yi tunani. Yanzu kuwa zagin kawai nake da shi."

"Zage ni ɗin. Na cancanta."

"Ba yanzu ba. Sai na huce, in ji daɗinsa."

Oddný ta matso.

"Ni fa ina ganin... ba dole sai kowa ya shiga kwazazzabon ba ko? Ba akwai masu tsayawa a ƙasa su tare hanya ba? Ihun nan dai na iya shi."

"Akwai," in ji Bergur, ido a rufe. "Sai dai a roƙi yaron ya sauya muku wuri. Zai yi dariya har Kirsimeti, amma zai sauya."

Hrefna ta juya. Ta dubi Salvör.

"Kar ki kalle ni," in ji Salvör. "Ban ce komai ba. In ma zan je, a mota zan zauna in riƙa danna oda."

"Ya isa. Na rantse ya isa."

"Kuma daga nan kudu za mu wuce, ki biya min ɗaki mai gado mai laushi."

"Har da matashi biyu."

Ta juya ga ta ƙarshe.

"Unnur, ke fa? Tun ɗazu ba ki ce uffan ba."

Sai a lokacin ta lura. Unnur na zaune cikin ruwan da ke ƙona fata, amma fuskarta ta yi fari fat. Hannunta biyu na kan bakinta.

"Lafiya? Zafin ne? Fito ki zauna a gefe."

Unnur ta girgiza kai.

"Na kira shi."

"Wa?"

"Ketill. Jiya da rana."

Hrefna ta matso kusa da ita.

"Kika kira shi kika ce me?"

"Kin san ni, ba na kai mutane inda ban tabbatar ba. Na ce bari in ji ko akwai gado a ƙasa, saboda Salvör ba ta iya hawan bene."

"Ba ta iya hawan bene," Hrefna ta maimaita. "Haka kika ce masa?"

"Ban sani ba, Hrefna! Wa ya gaya min? Ya ce wace Salvör. Na ce Salvör dai ta ƙungiyar ɗinki, mai gwiwar ƙarfe. Sai ya ce, ku ne mutum huɗun? Na ce mu ne mana, su wa kake jira? Ya ce a cikinmu akwai wadda ta taɓa hawa tsauni? Ni kuma na ɗauka wasa yake. Na yi dariya na ce Oddný ko tsanin kicin tsoronsa take."

"Wayyo ni," in ji Oddný.

"Sai me ya ce?"

"Ya ce ya gode."

"Shi ke nan?"

Unnur ta sunkuyar da kai.

"Ya ce ya gode da na gaya masa da wuri, tun ba a rufe karɓa ba. Ban gane karɓar me ba. Na ɗauka zancen masauki ne. Sai yanzu da kika ce yanka su zai yi..."

Hrefna ba ta ji ƙarshen ba.

Ba ta san sanda ta fito daga tukunyar ba. Iska ta yanke ta kamar wuƙa, ba ta kula ba. Ta bi ta kan jiƙaƙƙen siminti da gudu, mace mai shekara sittin da 'yan kai, tana jin Salvör a baya tana kiran a kawo mata sandarta. Ta ratsa wurin wanka ba ta tsaya ba, ta faɗa ɗakin sa kaya ruwa na zuba daga jikinta.

"Baiwar Allah! A goge jiki kafin a shigo nan!" mai kula da ɗakin ta ɗaga murya. "Ke ba baƙuwa ba, kin san doka!"

"Ki kira min 'yan sanda!"

Makullin akwatin da ta ajiye kayanta ya ƙi buɗewa. Ta murɗa, ya ƙi. Ta doke shi da tafin hannu, ta sake murɗawa, ya buɗe. Ta zazzage jaka a ƙasa, ta ɗauko wayar. Yatsunta a jiƙe, gilashin ya ƙi jin taɓawa. Ta goga a rigar wata da ke rataye, ta danna.

Ta yi ƙara. Ta yi ƙara. Ta katse.

Ta sake kira.

"Ɗauka mana, ɗan taurin kai. Ɗauka."

A kira na uku aka ɗauka. Ba sallama, sai numfashi da ƙarar rediyo can nesa.

"Ketill, saurare ni. Kar ka ce komai, saurare ni kawai. Za mu zo. Mu huɗun. Na yi magana da su yanzun nan, sun yarda. Za a sauya mana wuri, za mu tare ƙasa, ni zan shiga kwazazzabon da kaina..."

"Hrefna."

"Na san na yi maka ƙarya. Ka yi min faɗa in na zo. Amma mutane ne dai, ƙafa takwas, ba wanda zai ce gidanmu bai ba da nasa ba."

"Bakwai," ya ce. "Ɗaya ta ƙarfe ce."

"Ba lokacin wasa ba ne!"

"Ba wasa nake ba. Na tsaya a gaban mutanen kwarin nan na ce ina da ƙwararru. Ni da bakina. Kin san rabon da in buɗe baki a taro?"

Ta dafa ƙofar akwatin. Ruwa ya taru a ƙarƙashin ƙafarta. Ta ga su ukun sun shigo, Salvör na ɗingishi, Unnur na kuka, Oddný riƙe da tawul ba ta san wa za ta miƙa wa ba.

"Yi haƙuri," ta ce. "Don darajar Inna, yi haƙuri. Ka dai bari mu zo. Kar ka kira kowa."

Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Ketill? Ba ka kira su ba ko?"

"Na kira mayanka tun jiya. Sun sa ni a layi. Motarsu za ta tsaya a bakin shingen da ake tara tumakin ranar da aka sauko."

"Ai kowace shekara tana zuwa ɗaukar 'yan raguna. Na 'yan ragunan ne ko? Ko?"

Ta ji ya kashe rediyon.

"Yarinyar da ta ɗauki wayarsu ta tambaye ni guda nawa za ta rubuta."

"Ka ce nawa?"

Ya ja numfashi, irin na mutumin da aka ɗinke wa ƙirji.

"Na ce duka."